Ƙofar da Tasalla Ta Wuce

A Unguwar Marke, wani ɗan ƙauye da ke gefen garin Fulatan, da wuya ka samu matashin da ba hannun Tasalla ne ya fara taɓa shi a duniya ba. Ita ce ungozoma. Doguwa ce, siririya, mai saurin tafiya, ba ta magana sai ta kama. A wajen kakarta ta gaji aikin tun suna zaman ruga, kafin mijinta Hammawa ya gaji da yawon kiwo ya nemi gona ya kafa ɗaki. Da Allah Ya yi masa rasuwa shanun suka watse a rabon gado, ita kuwa ta ci gaba da abin da ta iya: yankan cibi, wankan jariri, da damun kunun kanwa mai kaurin da ludayi ke tsayawa a ciki.

Abin da aka fi yabon ta da shi a garin ba aikin ba ne, kunya ce. Tana da 'yar fari, Khadijatu, kuma tun ranar suna ba a taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Ana yaye yarinyar kakarta ta wajen uba ta ɗauke ta, ta tashi tana kiran Tasalla "Adda", kamar wata yayarta. In ya zama dole a yi maganarta, sai Tasalla ta ce "waccan". Shekarar da ƙyanda ta kwantar da yarinyar har aka fara fid da rai, Tasalla na zaune a bayan ɗaki tana kaɗi, ba ta leƙa ba. Mata suka yi ta cewa, "Kai, Tasalla ta cika 'yar Fulani!" Babu wanda ya lura zaren da ta kaɗa a kwanakin nan duk ya tsintsinke, bai sayu ba.

Khadijatu ta girma, aka aurar da ita ga Barau, ɗan manoman da ke ɗaya gefen garin, wajen rijiya. Tun daga nan sunanta ya koma "ta gidan Barau". Uwa ba ta karɓar haihuwar 'yar fari, saboda haka duk haihuwar da Khadijatu ta yi, surukarta Goggo Tani ce ke tsayawa a kanta, ita ke yi mata jego.

Akwai wani ciwo da ya daɗe yana cin masu jego a yankin. Mace za ta haihu lafiya, a yi suna, a ci a sha, sai ƙafafunta su fara kumbura, tari ya biyo baya, numfashi ya gagare ta in ta kwanta. Kowa ya san sunan abin: sanyi ne ya shige ta. Maganin sanyi kuwa zafi ne. Sai a ƙara wa ruwan wanka wuta, a hura garwashi a ƙarƙashin gadon ƙasa har tabarma ta yi ƙauri, a ƙara wa kunu kanwa. Haka Tasalla ta yi wa ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, da hannunta, da iyakar ƙarfinta, har ranar da aka fitar da ita a makara. Abin da ta ce wa ranta shi ne zafin ne bai isa ba.

Wajen ƙarshen shekarun 1980, tun Rogo na ƙarƙashin Karaye, sai ga wata farar mota ta fara zuwa ƙaramin asibitin sha-ka-tafi na Rogo. Masu bincike ne daga wata jami'a, sun zo su haɗa hannu da ƙananan asibitocin karkara a kan wannan kumburin. Suka bar wa ma'aikacin asibitin, Malam Lukumanu, wanda ba a daɗe da turo shi daga wani gari ba, abin awon jini da sikeli da magunguna. Da yake namiji ba ya shiga gidan matan aure, sai suka zo da malamar jinya, Sista Talatu, gajeriyar mace mai yawan dariya. A kowane ƙauye suka nemi ungozoma ta zama jagora.

"Iya, ke ce idonmu," in ji Sista Talatu ranar da aka haɗa su. "Duk gidan da aka haihu, ki kai mu. Inda ba ki kai mu ba, mu ba mu san da shi ba."

Ta nuna mata yadda ake danna ƙafar mai jego da babban yatsa. In wurin ya taso nan take, lafiya. In ya lotsa ya zauna kamar an danna tuwo, ruwa ne, zuciya ce ta gaji. Ta ce suna zargin yawan kanwa da tsananin zafi suna ƙara wa zuciyar nauyi.

Tasalla ta yi tsaki. "Kanwa? Yarinya, kanwar nan ita ta raini uwarki."

"Ta raine ta kam, har da kakata," in ji Sista tana dariya. "Ba mu ce ita kaɗai ba ce, Iya. Mu ma ba mu gama sani ba, shi ya sa muka zo ku taya mu dubawa. A yi wanka, a sha kunu, amma a rage."

Wannan maganar ce ta sa Tasalla ta yarda ta bi su. Ba ta taɓa jin mai farar riga ya ce bai gama sani ba. Ba a daɗe ba kuma ta gani da idonta: matar wani maƙeri da ta kumbura har zobe ya shige cikin yatsa, aka ba ta ƙwaya, ta yi ta fitsari kamar an fasa randa, aka kashe wutar gadon, ta tashi. Ranar Tasalla ta koma gida ta zauna a bakin ƙofa har la'asar ta wuce, tana tuna ƙanwarta, ba ta ɗora tukunya ba. Daga nan ta zama ba gidan da take tsallakewa. Har rugagen da ke bayan fadama take ja musu gaba, Sista na haki tana cewa, "Iya, ki ji tausayin gajeru!"

A bazarar da ta biyo baya Khadijatu ta haifi namiji. Barau ya zo suna, ya koma wajen cin rani, sai an yi ruwan shuka zai dawo. Ranar da mota ta zo, hanya ta biyo da su ta ƙofar gidan. Ga itacen jego an tara a jikin danga, ga hayaƙi na tashi daga ciki.

Sista ta tsaya. "Nan fa, Iya? Na ga itace."

Tasalla ta tambayi ranta. Ta shiga gidan surukai da baƙi a bayanta, ta tsaya a kan 'yar farinta ana auna ta, a tambaye ta sunanta ta faɗa? Gobe da wane ido za ta dubi matan gari? Ta ja mayafi ta rufe gefen fuskarta.

"Ba ni na karɓi haihuwar nan ba," ta ce. "Mu je, rana na yi."

Ba ƙarya ta yi ba. Sista ta ɗauka 'yar tsama ce irin ta ungozomomi, ta ce to, sai wani zuwan. Da wani zuwan ya zo, Tasalla ta bi da su ta bayan masallaci. Ta ce wa ranta ai waccan ta haihu a baya lafiya, wannan ma haka za ta yi.

A wajen injin niƙa ta ji labarin. Wata maƙwabciyar gidan Barau ce ke ba matan wurin dariya. "Ku je ku ga matar Barau, jego ya karɓe ta! Ta yi ɓulɓul, fuska kamar wata. Goggo Tani ta ce awarwaro ma ya ƙi fita."

Tasalla ta bar ƙwaryar dawarta a layi ta fita. Tana tafiya tana neman dalilin da zai kai ta gidan, har ta isa ƙofa ba ta samu wanda ya fi aron rariya ba.

Aka yi sallama, aka gaisa gaisuwar surukai, doguwa, kowa na kallon ƙasa: gajiya, zafi, kwanan jariri, labarin matafiyi. Goggo Tani, ƙatuwar mace mai faɗin murya, ta ce, "Yau likitan Turai ce a gidanmu? Ina 'yar gajeriyar taki? Shiga ki ga mijinki, yana ta cigiyarki."

Jika dai ba a kunyarsa. Tasalla ta shiga ɗakin, zafi ya doke ta kamar ta leƙa tanda. Ta ɗauki jaririn tana yi masa tsiya. "Wannan ne mijin? Ko goro bai ajiye mini ba. Na fasa auren." Bakinta na wasa, idonta na gefe. Khadijatu na zaune a kan gadon ƙasa ta jingina da bango, ba ta kwanta ba. Leɓɓanta sun yi duhu.

"Sannu, Adda," ta ce, sai tari ya sarƙe ta.

Tasalla ba ta amsa ba, don ba ta saba amsawa ba. Ta saki ɗan goron da ke hannunta ya faɗi a gindin gadon, ta sunkuya kamar za ta ɗauka, ta ɗora babban yatsanta a kan ƙafar 'yarta ta danna. Da ta ɗaga, ramin na nan. Ta tsaya a sunkuye tana jiran ya taso. Bai taso ba.

Ta fito da rariya a hannu, ba ta san lokacin da aka ba ta ba.

Ta fara da hanyar da ta sani, ta zagaye. Ta aiki maƙwabciyar nan ta gaya wa Goggo Tani, kamar daga bakinta, cewa a rage wuta, wannan ba ƙiba ba ce. Goggo Tani ta duba da kyau ta ga lalle kumburi ne, hankalinta ya tashi, don tana son surukarta. Ta ce sanyi ne. Ta sayo kanwa ungurnu mai kyau, ta sa aka ƙaro itace. Daga tsakar gidanta Tasalla na hango hayaƙin ya ƙara kauri.

Motar masu bincike ba za ta dawo ba sai ranar kasuwar Rogo, kasuwa kuwa sai jibi. Washegari da hantsi Tasalla ta kama hanya a ƙasa. Ta samu Malam Lukumanu yana wanke wa wani yaro gyambo, ta ce masa akwai wata mai jego a garinsu, ƙafa ta lotsa, ba ta iya kwanciya. Bai tsaya dogon tambaya ba, ya ɗaure jakarsa a bayan keke ya yi gaba, ita ta biyo shi da sauri-sauri gudu-gudu.

A hanya ta gamu da shi yana dawowa, yana tura keken, ransa a ɓace.

"Iya, an hana ni. Tsohuwar ta ce mai gidan ba ya nan, namiji ba zai shiga ba, mai jego kuma ba ta fita sai ta yi arba'in. Na roƙi yayan mijin, ya ce shi ba ya ƙetare maganar uwarsa. Daga zaure ina jin numfashinta, wallahi kamar ana zuga zugazugi. Wannan ba za ta kai mako ba." Ya share gumi. "Ni ba zan kutsa gidan mutane ba. Amma in da uwarta za ta zo ta ce za ta tafi da 'yarta jinya, wannan ko alƙali ba zai hana ba. Tana da uwa a raye?"

Tasalla ta dubi tayar keken.

"Tana da ita," ta ce.

"To don Allah a nemo ta yau. Gobe motar na zuwa. In an kawo ta da wuri zan yi mata allura ta rage ruwan, su kuma su wuce da ita babban asibiti. Wace irin uwa ce 'yarta na wannan hali ba ta kusa?"

Ya hau kekensa ya tafi, bai san da wa yake magana ba.

Washegari, rana na fitowa, Tasalla ta je gidan Ɗantala mai amalanken shanu ta ce ya ɗaura ya same ta a ƙofar gidan Barau. Ta shiga da sallama ɗaya. Tukunyar wanka na tafasa a tsakar gida, Goggo Tani na tsaye da damin ganyen darbejiya, matan gidan da na maƙwabta sun taru ana jajantawa.

"An dawo da rariya?" in ji Goggo Tani.

"Kada a yi wankan nan."

Goggo Tani ta juyo.

"Ikon Allah. Tasalla, a gidana? Ni da na yi jegon 'ya'ya da jikoki? Ke da kanki ba haka kika yi wa ƙanwarki ba?"

"Haka na yi mata. Tana ina yanzu?"

Goggo Tani ta matso kusa da ita. Sai ta ce, "Ina ruwanki da ita ma? Tun da aka kawo yarinyar nan gidan nan, ko sannu kin taɓa ce mata? Ni ce uwarta. Ni nake kwana a kanta."

"Gaskiya ne, Goggo. Allah Ya saka miki." Tasalla ta dafa turmi. Duk idanun da suka yi shekaru suna yabon ta suna kanta. "Amma ni na haife ta. 'Yata ce. Na zo in tafi da 'yata."

Wata tsohuwa ta ce, "Subhanallahi," ta rufe baki da hannu. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya aka buge mata baki. Tasalla ba ta juya ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita. Ta sake gwadawa.

"Khadijatu. Taso mu tafi."

Khadijatu ba ta iya tasowa ba. Goggo Tani ce ta yar da ganyen, tana kuka tana faɗa, "In iska ta buge ta a hanya ta mutu, ke da Allah!" Kuma ita ce ta kama ɗaya kafaɗar suka fito da ita, ta koma ta goyo jaririn ta biyo amalanken a ƙasa.

Hanyar Rogo duk yashi ce da kwazazzabai, shanun kuma rani ya cinye su. Da aka kwantar da Khadijatu sai numfashi ya ɗauke, idanu suka firfito. Tasalla ta hau ta zauna a bayanta, ta jingina ta a ƙirjinta, ta zagaye ta da hannuwa. Rabon da ta riƙe ta haka tun kafin yaye. Jikin ya yi nauyi, ya yi sanyi duk da ranar da ake ƙwallawa, kan yana ta langaɓewa.

"Ɗantala, ka taɓa su mana!"

"Iya, in na ƙara dukansu za su kwanta, mu kwana a nan."

Duk sanda kan ya langaɓe sai ta girgiza ta ta kira sunan. Na farko da na biyu a hankali, daga baya da ƙarfi, har masu kai kaya kasuwa suna juyowa. Sunan da ta yi shekara da shekaru tana haɗiyewa, ranar ta kira shi har muryarta ta dushe. A wajen wata tsamiya Khadijatu ta buɗe ido, ta ce wani abu. Tasalla ta kai kunne.

"Adda... ashe kin iya faɗinsa."

"Yi shiru. Ja numfashi."

Farar motar na ƙofar asibiti. Malam Lukumanu ya fito da gudu da allura, ya ga wadda ke rungume da majinyaciyar, ya ce, "Iya, uwar fa? Ba a same ta ba?" Ɗantala ya ce, "Ga ta nan kana kallo." Malam Lukumanu ya sunkuyar da kai, ya yi wa Khadijatu allurar.

Sista Talatu ba ta yi dariya ba ranar. Tana ɗaura abin awo a hannun Khadijatu ta ce, "Gidan itacen nan ne, ko? Iya, me ya sa kika wuce da mu?"

Goggo Tani ce, da ta iso tana haki da goyo, ta ce, "'Yar farinta ce." Sista ta tsaya da hannu a sama. Ita ma ta san al'adar, a gidansu ma ana yi. Ba ta taɓa kawo wa ranta cewa za ta iya ɓoye mata majinyaci ba.

Bayan wannan masu binciken suka sake tsari. A kowane ƙauye suka sa jagora biyu waɗanda ba dangin juna ba, kuma kafin a fita sai Sista ta tambaya a hankali, "Akwai gidan da ke ba za ki iya shiga ba? Nuna wa 'yar'uwarki." Da suka koma ƙauyukan Zoza da Yola da wannan tambayar, suka tarar da gidajen da aka yi ta wucewa da su: na 'yar fari, na matar ɗan fari, na surukai. A ɗaya daga ciki sun tarar ana zaman makoki.

Khadijatu ta dawo daga babban asibiti bayan an yi shuka. Ta rayu, amma likita ya ce an makara, zuciyar ta buɗe ba za ta koma daidai ba. Ba daka, ba ɗaukar ruwa, wata haihuwar kuma haɗari ce. Barau ya yarda ta zauna a wajen uwarta, Goggo Tani na kawo yaron kullum ya sha nono ya koma. Ƙwayar kuwa sai an je Rogo, wata ran a samu, wata ran Malam Lukumanu ya buɗe kabad ya nuna mata babu, musamman bayan da aikin binciken ya ƙare motar ta daina zuwa.

A garin an daina kawo sunan Tasalla in ana misalin kunya. Wasu na cewa yawo da 'yan boko ne ya wanke mata ido. Tana ji, ba ta tankawa. Ta ci gaba da karɓar haihuwa har ƙarfinta ya ƙare, kununta ya tsinke, masu son mai kanwa da yawa suka koma wajen wata.

Kullum da safe, in ta idar da salla, takan shiga ɗakin da Khadijatu ke barci a zaune, an tara mata matasai a baya. Takan durƙusa a gindin gadon, ta yaye zanen, ta ɗora babban yatsa a kan ƙafar ta danna. Sai ta ɗaga, ta tsura wa wurin ido, ba ta ko numfashi, tana jira ta ga ko zai taso.